Dadda Bihi Ya Hau Sabuwar Hanya

"Ku ɗaga ni sosai mana! Buhun albasa kuka ɗauko?"

Addi da ƙaninsa suka ƙara tallabe kujerar, suna saukowa daga matakala da Dadda Bihi a kai. Tsohon ya sha farar jallabiyarsa ta sallah, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. 'Yarsa Ijju tana biye da bargo da ledar magani, bakinta bai huta ba.

"Likita ya ce ko tsakar gida kada ka fita, Baba."

"Likita ya taɓa tuƙa gingimari? To ya yi mini shiru."

Ranar aka buɗe sabuwar hanyar Marakish zuwa Agadir, duk garin Imintanut ba wata hira sai ita. Addi direban tasi ne, katangarsu ɗaya da tsohon tun yana yaro, a hannunsa ma ya koyi riƙe sitiyari. Shekara talatin da takwas Dadda Bihi ya yi yana jigilar tumatir da kifi a tsohuwar hanya, mai kwane-kwane kamar hanjin akuya. Da ma'aikata suka zo da katafila, sabuwar hanyar ta cinye masa itatuwan zaitun goma sha ɗaya. Maƙwabta suka zo jaje, suka tarar yana raba shayi yana dariya. Shekara huɗu yana zuwa bakin aikin kullum da sandarsa, yana koya wa injiniyoyi aikinsu, har ciwon zuciya ya kwantar da shi. Tun daga nan kullum Addi ya leƙo gaisuwa, tambayar ɗaya ce: "Sun zuba kwalta a gadar?"

Aka zaunar da shi a gaban tsohuwar marsandin Addi, Ijju ta shiga baya. Masu shaguna suka fito suna tafi. Mai gyaran taya ya ɗaga murya: "Dadda Bihi, a kawo mana tsarabar teku!"

"Kai dai nemi wata sana'a! Taya ta daina fashewa daga yau!"

A mashigar hanya wani akwati ya turo 'yar takarda, sandar da ta tare hanya ta ɗaga da kanta. Tsohon ya bi ta da kallo har ya waiwaya.

"Kun gani? Ko ɗan sanda babu, ta gane ni."

Kwalta baƙa wuluk, shimfiɗe kamar an goge ta da dutsen guga. Addi ya riƙe motar a tamanin saboda mara lafiya.

"Addi, jaki na koya maka tuƙawa? Ba ta wuta!"

"Dadda, Ijju za ta cinye ni ɗanye."

"Ni na haife ta. Taka!"

Addi ya taka. Allura ta haura ɗari, marsandin tana rawar jiki, tsohon yana dukan cinyarsa yana kabbara. Da suka doshi inda aka huda dutse hanya ta ratsa ta cikinsa, ya damƙi hannun Addi.

"Danna oda! Danna kada ka saki!"

Ƙarar ta cika ramin, motocin da ke bayansu su ma suka ɗauka. Ijju ta toshe kunne, amma Addi ya hango ta a madubi tana dariya, abin da ya yi wata shida bai gani ba.

Da suka fito cikin haske suka hau wata doguwar gada, tsohon ya sa aka rage gudu. Can ƙasa ga tsohuwar hanya, siririya, tana nannaɗe da gindin jan dutse.

"Ijju, kin ga waccan kwanar, wajen farin dutsen nan? Nan baffanki Hammu ya tafi. Birki ya tsinke masa da lodin lemo. Ni ina bayansa da tawa motar, ina kallo." Ya shafa gemu. "Kwana biyu muna tsintar lemo a kwarin nan. Yanzu dubi, ta samansa muke wucewa. Wallahi da yana nan da ya ce ƙarya ce."

Ya karanta masa Fatiha, suka shafa. Bai ƙara minti biyu ba ya koma zagin wani direban bas da ya wuce su.

A wurin biyan kuɗi Addi ya kai hannu aljihu, tsohon ya buge masa hannu. Ya kwance ƙullin hankicinsa, ya miƙa wa yarinyar da ke cikin ɗakin gilashi dirhaminsa da kansa.

"'Yata, ƙarfe nawa yanzu?"

"Sha ɗaya saura kwata, Alhaji."

"Kin ji! Da a zamaninmu ne, yanzu muke tsayawa zuba wa inji ruwa a kan tudu. Riƙe canjin."

"Ba a yarda mu karɓa ba, Alhaji."

"Hanyar da ba a karɓar na goro! Addi, lallai na daɗe a duniya."

A Agadir suka tsaya bakin tashar jiragen kamun kifi. Dadda Bihi bai iya fitowa ba, sai aka buɗe masa ƙofa iskar teku tana bugunsa. Addi ya sayo gasasshen kifin sardin da burodi. Loma biyu tsohon ya ci, ya tsotsi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce gishirin bai kai na da ba. Ya sha maganinsa ba gardama, har Ijju ta dube shi da mamaki.

"Mu koma," in ji shi. "Ina so in yi la'asar a gida, in ba wa mai tayan nan labari."

A hanyar dawowa ya sauke gilashi, ya jingina kai da ƙofa. Yana ta lissafa sunayen ƙauyukan da suke wucewa, da wanda ya sani a kowanne, muryar tana raguwa. Bayan sun wuce gadar sai Addi ya lura lissafin ya tsaya.

"Dadda?"

Ijju ta matso, ta ɗora hannu a wuyan mahaifinta. Ta daɗe a haka. Addi ya ji ta ja numfashi ta yi salati a hankali, ya fara neman gefen hanya, idonsa ya cika har farin layin ya rabu biyu.

"Kada ka tsaya, Addi," ta ce. "Kai shi gida."

Ya koma layin dama, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Iska tana ta kaɗa gemun tsohon. Ijju ta zura hannu ta gefen kujera, ta murɗa gilashin a hankali har ya rufe.