Ruwan da Ya Ƙi Shiga Yashi

Shekara goma sha tara ina koyar da ilimin ƙasar noma a jami'ar nan, ba a taɓa cewa ajina ya yi shiru da yawa ba sai bana. Da can yabona ma ake yi saboda shirun.

Shugabar sashenmu ce ta kira ni ofis, ta turo mini takardun da ɗalibai suka cike a kaina.

"Malam, ba wanda ya zage ka. Cewa suka yi suna rubutu amma ba su san me suke rubutawa ba. Ranar Alhamis zan zauna a bayan ajinka. In ba su buɗe baki ba, darasin zai koma hannun sabon malamin da muka ɗauka."

"Ranki ya daɗe, to su ce me?"

"Kai za ka sa su faɗa."

Na fito kaina a ɗaure. Darasin nan ni na gina shi tun daga tushe, kuma gaskiya tsoro ya kama ni.

Ranar Litinin na shiga aji na ce kowa ya ajiye biro. Wallahi sai da na ga wata a layin gaba ta rubuta "ku ajiye biro" kafin ta ajiye. Na yi tambaya, mutum tamanin suka zuba mini ido. Can wani ya ɗaga hannu, har raina ya yi fari.

"Malam, wannan zai fito a jarrabawa?"

Na ce su kasu rukuni-rukuni su tattauna. Bencinan kuwa a kafe suke da ƙusa a ƙasa, sai suka murɗe wuya suna kallon juna ba mai cewa uffan. Na rasa ni ne ban iya ba ko su ne suka haɗa baki.

Da na ba matata labari a gida, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Baban yara, kai da ko a gidan nan ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana?"

Na buɗe baki zan musa, ta ce, "Ka gani ko?"

Ranar Alhamis na zo da kwalabe biyu, ɗaya da laka, ɗaya da busasshen yashin da na ɗebo a gindin wata bishiya bayan gidana. Na riga na tsara komai: in zuba ruwa, ya wuce ta yashi nan take, ya tsaya a kan laka, in tambaye su dalili, ko mutum biyu su amsa in tsira da mutuncina. Shugaba tana can baya da littafinta.

Na zuba ruwa a kan yashin. Ruwan ya tsaya cak, ya dunƙule a sama yana walƙiya. Na girgiza kwalbar. Ya gangara gefe, ya ƙi shiga. Na duba ko na musanya kwalaben ne, ban musanya ba. Duk abin da na sani ya gudu daga kaina.

"Malam, me ya sa?" in ji wadda ke layin gaba.

Na dubi allo, na dubi kwalbar.

"Ban sani ba," na ce.

Shi ke nan, na faɗa a raina, darasi ya tafi.

Sai wani dogon ɗalibi da ban taɓa jin muryarsa ba ya miƙe daga tsakiya.

"Malam, a gindin bishiya ka ɗebo? A gonarmu haka yake yi in ya daɗe a bushe. Sai an fara yayyafa masa ruwa kaɗan-kaɗan kafin ya sha."

"Ba haka ba ne, kwalbar ce akwai mai a ciki!" wata ta katse shi.

"Mai a ina? Ke kin taɓa riƙe fartanya?"

Aji ya kaure. Wannan na cewa ruɓaɓɓen ganye ne, wancan na rantsuwa iska ce ta maƙale a ciki. Wasu suka tsallako benci suna tsoma yatsa a kwalbata. Na ɗaga hannu zan daka musu tsawa, na hango Shugaba tana girgiza mini kai. Na sauke hannun, na tsaya kamar baƙo a ajina har lokaci ya cika.

A bakin ƙofa ta ce, "Darasi naka ne, Malam. Ka ci gaba da yin haka."

"Da yin me, ranki ya daɗe?"

Ta ɗauka wasa nake, ta yi dariya ta wuce.

Dogon nan ya tsaya yana taya ni goge tebur. Na tambaye shi tun yaushe ya san abin da ya faɗa.

"Tun ina ƙarami, Malam."

"To me ya hana ka magana duk watannin nan? Ai ina yin tambaya."

Ya sosa ƙeya, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Kana yi, Malam. Amma kullum ka riga ka san amsar, jira kawai kake mu yi kuskure. Yau ne muka ga kana nema da gaske."

Kunya ta rufe ni. Na miƙa masa kwalbar yashin na ce ya nuna mini yadda ake yayyafawar.