Tsatsa a Fiffike

Mai Agogo ya riƙe numfashinsa, ya kama bakin zaren da hantsaki, ya ɗora shi a kan ɗigon gam ɗin da ke wutsiyar jirgin. Zaren bai kai silin gashi kauri ba, shi ne wayar rediyo. Jirgin kansa na roba ne, mai farfela, irin na yaƙin da, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba.

"Ya kama, Yaya?" in ji Direba daga bakin shagon.

"Ka tare min haske."

Direba ya yi saurin matsawa gefe. Mijin ƙanwar Mai Agogo ne, ƙaton mutum mai tuƙa bas, yatsunsa kamar ƙotar guduma.

"Sau huɗu ina tsinka zaren nan jiya," ya ce. "Ƙanwarka ta ce in ban daina huci a kansa ba, jirgin zai tashi da gaske ya bar mu."

Mai Agogo bai yi dariya ba. Ya cire madubin da ke maƙale a idonsa, ya ce ya kama.

"Allah ya bar mana hannun nan. To Yaya, ina da sawu biyu kafin yamma, kuma in na sa shi a mota sai wani fasinja ya zauna a kai. Ka taho da shi tare da naka, mu haɗu a asibiti ƙarfe huɗu."

Ya tafi yana kaɗa makullai. Mai Agogo ya zauna da jirage biyu a kan tebur, a tsakanin agogunan mutane.

Kwanan Baba, mahaifin Mai Agogo, tara a asibiti. Likita ya ce zuciyar ta gaji, bai ƙara komai ba, su ma ba su tambaya ba. Shekaranjiya tsohon ya ce yana so ya ga jirginsa, wato irin wanda ya yi wa aiki yana saurayi, lokacin da yake makanike a rundunar sama. Da ma su biyun kowa yana haɗa irin jirgin a gidansa, sai suka ƙarasa a gurguje. 'Yar durowar da ke gefen gadon kuwa, ga filas ga magunguna, jirgi ɗaya kawai za ta ɗauka.

Ya mayar da madubin a ido, ya jawo jirgin Direba.

Aibu bai yi wuyar samu ba. Ga layin haɗi a ƙarƙashin ciki ba a goge ba. Ga shatin babban yatsa a gilashin matuƙi, inda gam ya taɓa. Lambar gefen hagu ta ɗan karkace. Ya ƙirga bakwai, ransa ya yi sanyi kaɗan. Sai ya cire madubin ya ja da baya, sanyin ya tafi.

Daga nesa jirgin kamar yanzu ya sauka. Fenti ya goge a gindin fiffiken hagu, daidai inda makanike ke durƙusawa ya ɗaura wa matuƙi bel. Baƙin mai ya zubo ta ƙarƙashin injin, iska ta share shi baya. Kusa da murfin injin akwai ɗan dusu-dusu, wurin da hannu mai maiƙo ya saba dafawa. Babu hoton da ya nuna wannan. Mai Agogo ya san duk hotunan, yana da su cike da jaka. Daga bakin Baba aka samo shi.

Shekara ashirin ke nan yana haɗa jirage. Arba'in da uku ne a kabad ɗin gilashi a falonsa, kowace ƙusa a inda take, kowane launi ya auna shi da hoto. Ya fara ne saboda ya lura idon Baba yakan bi duk jirgin da ya gifta a sama. Duk wanda ya gama sai ya kai masa. Tsohon ya juya shi sau ɗaya, ya ce ya yi kyau, ya nemi a miƙo masa rediyo.

Direba kuwa bara waccan ya fara, da ya karye a ƙafa zaman gida ya ishe shi. Mai Agogo ne da kansa ya koya masa riƙon burushi. Yanzu duk Asabar in ya je gidan Baba, tun daga bakin ƙofa yake jin muryoyin Baba da Direba, tsohon yana dariya har da tari. Yana shiga sai a gyara zama, a tambaye shi kasuwa.

"Mai Agogo, ka mutu ne a zaune?"

Mai shagon yadin da ke kusa da shi ce, da agogon bango a hammata. Ya karɓa ya buɗe bayansa. Batir ne kawai. Yana canzawa ita kuma ta sunkuya a kan jiragen.

"Oh, ji wannan, bawan Allah, ya sha wuya. Kamar in ce masa sannu."

"Ɗayan fa?"

Ta dubi nasa. Shi ma ya sa masa tsufa, kwana huɗu yana yi, hayaƙi da ƙura daidai yadda hoto ya nuna.

"Wannan ma da kyau. Kamar na sayarwa." Ta ɗauki agogonta. "Amma wancan ka fi ba shi lokaci, ko? Da gani."

Da ta fita ya zuba wa jirgin Direba ido. Agoguna talatin suna ta bugawa a bango, babu biyu da suka yarda da juna. Can ya jawo durowar ƙasa, ya fito da garin alli, ja da ruwan ƙasa, da kwalbar tina mai wanke fenti, da burushinsa mai gashi uku.

Jikin irin jirgin nan alminiyon ne, ba ya jan tsatsa. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana a gindin jirgi ya san haka. Amma mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana kallon tsatsa tana cin ƙofar bas ɗinsa, wa zai yi mamaki in ya shafa ta a fiffike?

Ya yi niyyar ya dangwala ta kawai a jirgin Direba, a yi abin a wuce. Hannunsa ya ƙi. Ya fara da ɗigo mai duhu a kan ƙusa, ya ja shi baya da gashi ɗaya, ya bar bakin ya koɗe kamar ruwa ya wanke. Ya sa ja mai haske a tsakiya. Ya bi ƙusoshi shida a fiffiken dama, kowace da tsawon hawayenta. Da ya ɗago, minti arba'in sun wuce, wuyansa ya ƙage. Ya shimfiɗa auduga a kwalaye biyu, ya rufe shago.

A bas ya ɗora kwalayen a cinya, ya kare su da gwiwar hannu. Wata mata mai buhu ta ce ko ƙwai ne, ya ce kusan haka. Sau biyu ya yi tunanin sauka ya koma shago. Tina da auduga za su share abin cikin minti ɗaya. Duk sau biyun bas ɗin ta tashi kafin ya gama tunanin, shi kuma bai buga mata ba.

Ɗakin marasa lafiyar gado takwas ne, na Baba a ƙarshe, gefen taga. Ƙanwarsa tana zaune tana ɓare lemo.

"Yaya, sannu da zuwa. Ina mutumin naka?"

"Yana hanya."

Baba ya rame har agogon hannunsa ya gangaro gwiwar hannu. Robar ƙarin ruwa tana maƙale a bayan hannun hagu. Mai Agogo ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa ya jiki.

"Da sauƙi. Ya kasuwa?"

"Mun gode Allah, Baba. Ga jirgin."

Ya buɗe nasa tukuna. Tsohon ya sa tabarau, ya karɓa da hannu ɗaya, ya juya shi hagu, ya juya dama, ya leƙa ƙarƙashi. Ya fi kullum daɗewa.

"Babu abin cewa," in ji Baba. Ya miƙo masa.

Daidai nan Direba ya shigo da gudu-gudu, yana warin gas, yana neman afuwa: wai wata tirela ce ta kwanta a kan gada kamar gidan ubanta. Baba ya ce, "Kai dai kullum da tirelarka. Buɗe mu gani."

Direba ya buɗe kwalinsa, ya miƙa jirgin ba tare da ya duba ba. Baba ya taɓa gindin fiffiken hagu da yatsa, ya gyaɗa kai. Ya juya jirgin. Sai ya tsaya. Ya matso da shi daf da tabarau.

"Mene ne wannan?"

"Wanne, Baba?"

"Tsatsa! Tsatsa a fiffike! Kai, ɗan nan, bas ɗinka ka haɗa min ko jirgi?" Muryarsa ta fito da ƙarfin da ba a ji ba tun da aka kwantar da shi. Ya juya ga 'yarsa. "Ke, tukunyar alminiyon ɗinki ta taɓa yin tsatsa?"

"Sai dai ta lotsa, Baba."

"To gaya wa mijinki!"

Direba ya sunkuya ya dubi fiffiken. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗago, idonsa ya sauka a kan Mai Agogo, ba da fushi ba, kamar mai neman a gaya masa hanya. Mai Agogo ya dubi taga.

"Kuskure ne, Baba," in ji Direba a hankali.

"Kuskure? Da sajan ɗinmu ya ga wannan, da ka kwana kana zagaya fili da taya a ka. Zauna nan. Nan, a bakin gado, ba cizo nake ba. Ke, ɗaga min filo."

Aka ɗaga shi. Ya ɗora jirgin a kan bargo, ya kama yatsan Direba ya aza a fiffiken.

"Shi alminiyon fari yake ci, kamar gari. Ka ga fenti ya yi ƙuraje, ka sa farce, sai farin gari ya zubo. In kana neman ja, ka je bututun hayaƙi, nan ne ƙarfe yake. Akwai wani matuƙi da muke da shi, ɗan siriri, ba ya hawa sai ya bi fiffike da tafin hannu kamar mai sayen akuya. Ran nan ya samu garin nan a nawa jirgin. A gaban kowa ya shafa min a goshi. Na yi kuka, wallahi, da gemuna ya fara tsirowa. Bayan sati biyu ya tashi bai dawo ba, ni kuma wata guda ina zuwa bakin fili da asuba, ina cewa ko garin nan ne."

Mai Agogo bai taɓa jin labarin nan ba. Shekararsa hamsin da huɗu, bai taɓa jin cewa Baba ya yi kuka a kan wani abu ba. Yana tsaye a ƙarshen gado da jirginsa a hannu, babu inda zai ajiye.

Nas ta leƙo ta ce tsoho a rage murya, ana jin sa har ɗakin magani. Baba ya ce ta zo ta ga abin kunya, ta yi dariya ta wuce. Mutumin gado na bakwai ya juyo yana saurare. Labari ya koma kan yadda ake ɗumama injin da sanyin safiya, da wani kare da ke kwana a ƙarƙashin fiffike. Ƙanwar ta manta da lemon a hannunta.

"Matsar da filas ɗin nan," in ji Baba daga ƙarshe. "A bar min jirgin a nan. Gobe ka zo da kayan aikinka, a gabana za ka cire ta, ƙusa ɗaya bayan ɗaya."

"To, Baba."

"Ni na yi."

Duk suka juyo. Mai Agogo bai san muryarsa za ta fito haka ba, siririya.

"Ni na sa tsatsar, Baba. Yau, a shago. Shi bai sani ba."

Ƙanwar ta dubi mijinta. Direba ya sunkuyar da kai yana murza makullai. Mai Agogo ya matso taku ɗaya ya tsaya inda hannun tsohon zai iya kai masa, yana jira.

Baba ya dube shi ta saman tabarau. Sai fuskarsa ta saki.

"Kai? Kai da tun kana yaro ban taɓa samun abin da zan gyara maka ba?" Ya girgiza kai. "Rufa wa ƙaninka asiri kake so ka yi. Allah ya yi maka albarka, amma bar shi ya sha faɗansa, da haka zai iya."

"Baba, da gaske nake."

"Na ji. Mayar da naka kwali ka kai gida, kada masu shara su karya maka. Wurin nan ba na kaya mai kyau ba ne."

Aka kaɗa ƙararrawar tashin 'yan dubiya. Mai Agogo ya kwantar da jirginsa a cikin auduga, ya gyara farfelar, ya rufe. Ya yi wa Baba sai da safe, Baba ya ce ya gaida gida. Direba ya yunƙura zai tashi, tsohon ya riƙe masa hannun riga, wai saura magana ɗaya.

Ya kai bakin ƙofa, kwalin a ƙirjinsa, ya tsaya ya ba wata keken marasa lafiya hanya. Daga nan ya jiyo muryar Baba, ta yi ƙasa, irin ta mai faɗin abin da ba ya so ya shiga kan yaro.

"Amma fa, ja'iri, ka iya zana ta. Dubi yadda ta bi ƙusar nan ta gangaro. Shekara sittin rabona da in ga abin da ya sa na kai farce in kankare."