Gefen Hagu na Amlan

Tun da aka cire wa Amlan nonon hagu a asibiti, ba ta sake tuɓewa a gaban mijinta ba. Shi kuwa Yapi zane da fentin mai ne sana'arsa, kuma tun suna saurayi da budurwa jikinta yake zanawa. Yanzu ga sabon zane zai kai baje koli a nan Abidjan, ita ce a ciki tsirara, alhali ko zama ba ta yi masa ba.

Ta ja ƙanwarta Affoué zuwa ɗakin zanen don ta sami mai taya ta jin haushi.

A zanen tana zaune kan kujera 'yar tsugunno, ta ɗan karkace. Hasken taga ya sauka a kafaɗar dama, ya gangara bayanta har ƙugu. Gefen hagu kuwa duhu ya haɗiye shi.

"Yaya, wannan ƙugun na wace shekara ne?" in ji Affoué. "Ai kafin ki fara cin aceke da kifi sau uku a rana ne."

"Rufe min baki. Dubi inda ya kai haske. Mai zane inda yake so ido ya je, nan yake haskawa. Inda yake jin kunya kuma sai ya tura shi inuwa. Ƙyamata yake yi, bakinsa ne ya kasa faɗa."

Yapi yana bakin ƙofa riƙe da tsumma. Shi dai mutumin nan, ko gidan ke cin wuta sai ka roƙe shi magana.

"Baban Ahou, zanen nan ba zai fita daga gidana ba," in ji Amlan, ta juyo wajen mijinta. "Ka nuna wa duniya rabin mace? Nan ka binne ni, nan!"

Ta dangwala yatsa a kan duhun. Sai yatsan ya dawo da fenti ɗanye. Ta shafa kafaɗar, ta shafa bayan, duk sun bushe ƙayau. Matar mai zane ce, ba sai an gaya mata ba: wurin da bai bushe ba, hannu bai bar kansa ba.

"Kullum da safe nake kankare shi in sake," in ji Yapi a hankali. "Sauran jikinki na haddace shi. Wannan wurin ban san shi ba, Amlan. Ba ki taɓa bari na gani ba, ni kuma ban iya zana abin da ban gani ba."

Tausayinsa ya kama ta, ta ji kunyar kanta.

"Affoué, je ki duba min tukunya."

"Wace tukunya? Ko wuta ba ki hura ba."

"To je ki hura."

Da ƙofa ta rufu, Amlan ta jawo kujerar, ta juya gefen hagunta wajen taga. Ta kwance zani.

"Zo ka duba da kyau," ta ce. "Kada ka gyara komai."