Ranar da Adawiyya Ta Ji An Taɓa Goya Mama

A gidan Yazidu mai gyaran babur, can bayan tashar Dakoro, kowa ya san lissafin Adawiyya: duk abin da ya wuce jiya ne, wanda bai zo ba kuwa gobe. Ragon layyar bara jiya aka yanka shi, kunun safe ma jiya ta sha. Ba ta cika shekara huɗu ba. Uwarta Hamsatu ta yi gyara har ta gaji ta ƙyale ta.

Da Hamsatu ta haifi Saminu, mahaifiyarta Lalla ta taho daga Ɗan Gulbi don ta zauna da ita har ta gama wanka. Wata rana da hantsi tsohuwar ta buɗe jakarta, ta fiddo wani majanyi saƙi, baƙi mai ratsin ja, gefensa duk ya zaizaye.

"Ungo. In wuyansa ya yi ƙwari ki riƙa goya shi da wannan."

Hamsatu ta karɓa ta kai hanci, ta ji hayaƙin ɗakinsu na ƙauye. "Inna, ashe yana nan?"

Adawiyya ta bar gwangwanayen wasanta ta matso. "Na wane ne?"

"Na uwarki ne, ƙawata," in ji Lalla. "Da shi na goye ta."

Yarinyar ta dubi majanyin, ta dubi Hamsatu daga ɗankwali har ƙafa, ta sake duban bayan kakarta da ya ranƙwafa. Sai ta tuntsire da dariya.

"Kaka, Mama ta yi miki nauyi."

"Lokacin ba ta wuce Saminu ba. Ba haƙori, ba gashi, ga kuka kamar an sa ta."

Dariyar ta tsaya cak. Hamsatu na kallon fuskar ɗiyarta, ta ga idanun na ƙara buɗewa, baki a sake.

"Jiya?" in ji Adawiyya a hankali.

"A'a. Da can, tun ba a haife ki ba."

"Ni ina ina?"

"Ba ki zo ba tukuna."

Adawiyya ta maimaita, "Da can," kamar mai ɗanɗana alewa. Ta sake faɗa. Kafin a ankara ta figi majanyin ta yi waje ko takalmi babu. Hamsatu mai jego ce ba ta fita, sai ta tsaya jikin katanga tana leƙe, tana toshe baki da gefen zane.

Baraka mai waina ce ta fara shan labari. "Mama jaririya ce da can. Ba ta da haƙori." Daga nan yarinyar ta tsallaka butik ɗin Abarci, dattijo mai farin gemu har ƙirji, ta ɗaga masa majanyin.

"Baba Abarci, kai ma an goye ka?"

"An goye ni mana."

"Da gemun?"

Masu sayen sukari suka fashe da dariya. Abarci ya rantse mata gemun daga baya ya fito, amma ba ta yarda ba sai da ya sunkuyo ta ja ta ji.

Ta dawo gida tana haki, ƙafafu duk rairayi, ta faɗa jikin uwarta.

"Mama, na gane. In na girma, ke sai ki koma ƙarama, in goye ki da wannan, in ba ki kunu."

"Ba a komawa, Adawiyya. Gaba ake yi."

"Ana komawa. Ga Kaka nan ta fara, haƙoranta sun tafi."

Lalla ta yi dariya har da tari, ta ce wannan kam ba ta da amsa. Hamsatu ta kama hannun yarinyar ta kai ta garken cikin gida, ta nuna mata ɗan tunkiyar da aka haifa da damina, wanda a da Adawiyya ke rungumarsa tana yawo da shi. Yanzu ƙaho ya tsiro masa.

"Ɗauke shi mu gani."

Ta rungumo shi ta yi nishi, ko motsi bai yi ba.

"Kin ga ya koma ƙarami ko sau ɗaya?"

Adawiyya ta shafa ƙahon. Can ta juya da gudu zuwa ɗaki, ta durƙusa gaban Saminu da ke barci, ta ƙura wa haɓarsa ido.

"Shi ma zai yi gemu?"

"In Allah ya raya shi."

"Gobe?"

"Ba gobe ba. Sai ya zauna, ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya shiga lekol ya fara karatu."

"Sannan gemu."

"Sannan gemu," in ji Hamsatu. Ta juya wajen Lalla da murna. "Inna, kin ji? Sannan ta ce. Ba ta taɓa faɗinta ba."

Da azahar Yazidu ya shigo cin abinci, hannu duk baƙin mai. Bai ƙarasa sallama ba Adawiyya ta tare shi ta zayyana masa komi: Mama, Baba Abarci, ɗan tunkiya. Ta sanar da shi cewa shi ma an goye shi, kuma ba zai koma ba, kada ya sa rai. Ya zauna bakin tabarma yana dariya, ya ce ya ji, ya haƙura.

Ita kuwa ta riga ta koma kan kakarta, ta haye cinyarta ta riƙe mata kunne.

"Kaka, ke wa ya goye ki?"

"Uwata, Zuhura."

"Ita wa ya goye ta?"

Lalla ta gyara zama, ta ce wa Hamsatu ta rufe mata tuwon, ba yanzu za ta ci ba.