Sun Ba Shi Sabuwa Fil

Injiniya ba injiniya ba ne. Mai kula da sito ne a wani kamfanin dakon kaya. Sunan ya samo asali tun ranar da ya kwance fankar ɗakin Mama ya mayar, kusoshi suka yi saura a hannunsa, ya ce dama kamfanin da ya ƙera ta ne ya saka su fiye da kima. Ƙannensa suka liƙa masa sunan don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Yana da wata 'yar kyamara ruwan azurfa, girmanta bai wuce sabulun wanka ba, ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. A ganinsa hoton waya wasan yara ne. Aibinta ɗaya, batirinta maƙaryaci ne na ƙin ƙarawa. Sai ya wuni a caji, ya nuna ya cika maƙil, ana ɗaukar hoto biyu ya ce ga garinku nan.

Injiniya ya sha kiran kamfanin kyamarar. Kullum sai an fara sa masa kiɗa, wata murya tana tabbatar masa cewa kiransa yana da matuƙar muhimmanci, har kunnensa ya yi zafi. Na farko da ya ɗauka ya ce ya cire batirin ya mayar. Na biyu ya ce ya mayar ya cire. Na uku, wanda da alama shi ne malaminsu, ya ce katin ajiyar hotuna ne ke shanye wutar, ya cire shi, ai kyamarar tana da ɗan wurin ajiya a cikinta. Injiniya ya cire kati ya jefa a aljihun tebur, yana yaba wa ilimin mutumin.

Ana cikin haka Kawu ya zo. Yayan Mama ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya ƙetare teku tun yana saurayi ya yi zamansa can. Ya dawo da sanda da jakar magunguna, ya kuma faɗa wa kowa ba ɓoye-ɓoye cewa wannan ne zuwansa na ƙarshe, ƙafa ta ƙi. Shi da Mama ba su da hoto tare ko ɗaya. Mama ta ce ba ta son komai illa wannan, a ɗauke su ita da Yayanta, a wanke, a rataye mata inda za ta riƙa gani daga gado.

Ranar tafiyarsa aka zaunar da su a doguwar kujerar falo. Jikoki suka zaro wayoyi, Injiniya ya daka musu tsawa. Ya ce in aka ɗaga waya goma, tsofaffin nan ba za su san inda za su kalla ba, a fito da su ido ɗaya gabas ɗaya yamma. Ya bi kowa ya karɓe, har ta Auta, ƙanwarsu mai 'ya'ya uku, ya jera a saman firij. Sannan ya ja da baya, ya durƙusa, ya danna.

Hoton ya fito, ya gan shi da idonsa a gilashin bayan kyamarar. Kawu ya buɗe baki yana tsokanar Mama, ita kuma ta tuntsire da dariya ta dafa gwiwarsa, irin dariyar da 'ya'yanta suka manta tana da ita. Kafin ya ce a sake, gilashin ya yi baƙi, kyamarar ta mutu da idonta a waje. Mai tasi yana ta danna oda a ƙofa. Auta ta ce a miƙo mata wayarta ta ƙara ko ɗaya ne, Injiniya ya ce an gama, aikin ƙwararru ba ya son maimaici. Aka kama Kawu aka sa a mota.

Da ya koma gida ya ga abin da ya faru. Batirin ya kumbura ya cije a raminsa, ba ya fita, ba ya karɓar caji. Matarsa ta kawo tsinin wuƙa ta ce bari ta ɗan zungure shi, ya fizge kyamarar kamar za ta yanka masa ɗa. Takardar garanti ta ce duk wanda ya taɓa cikinta da ƙarfe, kamfani ya wanke hannunsa. Injiniya kuwa mutum ne mai girmama takarda.

Ofishin kamfanin yana hawa na biyu a wani dogon gini. Sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa, kujerun ƙarfe a manne da juna, a bango ga ƙaton hoton wasu iyali suna ta washe baki, da gani batirinsu bai taɓa mutuwa ba. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta tambaye shi cikin ladabi ko ya gwada cire batirin ya mayar.

Ya haɗiye abin da ya taso masa. Ya ce, "'Yata, kyamarar ba ta dame ni ba. Hoton mahaifiyata da yayanta ne a cikinta, babu wani sai shi. Shi nake so."

Ta ce, "Kada ka damu, Yallaɓai. Na shigar."

Ta kuwa danna wani abu a kwamfuta, ya ji ƙarar da kunnensa. Ya bar mata kyamarar ya tafi.

Sati ya bi sati. In ya kira, kiɗa. In ya je, kyamararsa tana hannun sashen da ya dace, sashen da ba shi da ƙofa balle lambar waya. Ana nan wata safiya aka bugo daga ƙetare aka ce Kawu ya cika. Mama ba ta yi kuka mai yawa ba. Sai dai duk sanda Injiniya ya shigo gaishe ta, kafin ya gama durƙusawa ta tambaye shi hoton. Auta kuwa kallonsa kawai take yi, shi kuma ya gwammace zagi da wannan kallo. Tsoro ya shige shi sosai, abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Rannan sai ga su sun kira shi da kansu, abin da bai taɓa faruwa ba. Manaja ne ya fito tarbarsa, da taye da murmushi, riƙe da kwali. Ya yi bayani cewa batirin wannan samfurin ba shi da wata matsala, ɗabi'a ce kawai da wasu ke nunawa. Amma saboda darajar abokan ciniki, kamfani ba ya ɓata musu lokaci da gyara. Musanya yake yi. Ya miƙa masa kwalin da hannu biyu, sabuwa fil, ko ledar ba a ɓare ba.

Injiniya ya ce, "Tawa fa?"

"An haɗa ta da sauran an niƙe, Yallaɓai. Duk abin da ke ciki ya tafi, ba wanda zai taɓa ganin hotunanka. Muna kare sirrin mutanenmu ƙwarai."

Yarinyar nan ta roƙe shi, in ba damuwa, ya danna ɗaya daga cikin fuskokin da ke jikin wani allo don nuna gamsuwarsa. Ya tsaya yana kallonsu. Bai ma san ya sauko daga benen ba, sai ganin kansa ya yi a titi da kwali a hammata.

Ya so ya wuce gida, ƙafarsa ta kai shi wurin Mama. Tana falo ita kaɗai. Tana ganin tambarin kyamara a jikin kwalin fuskarta ta washe, ta laluba ta ɗauko tabarau, ta goge shi da bakin zane, ta matsa gefe ta ba shi wuri.

"Zo nan, Injiniya. Buɗe min in ga Yaya."

Ya zauna. Hannunsa ya shiga ɓare leda. Ya danna maɓalli, kyamarar ta kunnu nan take, batir cike taf. Mama ta matso da fuskarta dab da gilashin, tana jira.