Lambobin Wayar Malam Abdulbaƙi

Malam Abdulbaƙi ya rasu ranar Laraba da hantsi, a kan bencinsa na gindin darbejiya a bakin titin Challawa, da waya a hannunsa. Mutum goma sha ɗaya suka sallace shi bayan azahar, babu danginsa ko ɗaya. Aka miƙa wa Uwaisu wayar ya nemo su, tunda shekara shida ɗakunansu na jingine da juna a gidan haya a Na'ibawa.

Dillalin motocin kaya ne marigayin. In kamfanin fata na da lodi zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, shi ake kira, don ya san wace tirela ce ta sauke a Bompai take neman kayan komawa. Bai taɓa bai wa mai kaya lambar direba ba.

"Ranar da suka san juna," ya taɓa gaya wa Uwaisu, "ni kuma sai sayar da rake."

Washegari da Uwaisu ya taso daga aiki ya buɗe wayar, bai ga sunan mutum ba. Lambobin mota ne jere, sai sunayen ƙofofin kamfanoni. Yana cikin dubawa lambar ɗaya daga cikin motocin ta kira. Ya ɗaga ya yi sallama.

"Baba, Samson ne. Kwana biyu ina Sharada, mota babu kaya. Ko kun yi sabon yaro ne?"

"Maƙwabcinsu ne. Allah ya yi musu rasuwa jiya."

Uwaisu ya ji an kashe injin.

"Ko ka san garinsu?" ya tambayi direban.

"Ɗan'uwa, shekara tara suna ba ni lodi. Tarinsu ma na sani a waya. Amma gari, ban taɓa tambaya ba." Ya ja numfashi. "Bara sun sa na taho da busasshen kifi daga Lakwaja, suka ce na wata mata ne. Ba su ce wa ba."

Kwana biyu Uwaisu yana bin lambobin. Kowa ya ce mutumin kirki ne, bai taɓa haɗa kaya da ɓarawon direba ba. Wani ya ce ɗan Gumel ne, wani ya ce daga Maraɗi ya zo. Wasu suka yi ta'aziyya, sannan suka tambayi wanda zai ba su lodi.

Can ƙasa ya sami lamba ɗaya da aka rubuta wa "Gida". Wayar ta nuna duk Juma'a bayan masallaci marigayin yakan kira ta, ba a taɓa ɗagawa ba.

Da wata Juma'ar ta zagayo, Uwaisu ya zauna a ƙofar ɗakin da aka garƙame, ya kira. Ta shiga, ta yi ta ringi har ta katse. Ya kai wayar caji, ya dawo da ita kan tagarsa. Har yau layin yana shiga.