Sitacin Hular Martina

Karo na biyu ke nan sitacin ya tsinke wa Biriskila. Ta dama shi da tafasasshen ruwa, ya yi kauri, ya yi sheƙi yadda ta saba gani shekara goma sha biyar tana wankin kakin ma'aikatan jirgin ƙasa a Sabon Gari. Ta sirka da ruwan sanyi, ta je ta hura gawayin dutsen guga. Kafin ta dawo ya zama tsululu, ko ƙyallen hanci ba zai riƙe ba.

"Yau na ga ta kaina," in ji ta, ta dafe ƙirji.

'Yarta Martina tana zaune a bakin ƙofa, farar riga da hula a cinya. Ƙarfe biyu za ta tsaya gaban Baturiyar Sista a asibiti, inda za a zaɓi 'yan mata shida cikin talatin don koyon aikin jinya. Kowa ya san halin Sistar nan. Hula take fara kallo kafin fuska, in ta langaɓe, sai a ce wa yarinya ta dawo baɗi. Martina kuwa ba ta da baɗi, shekarunta sun kai iyaka.

Abin haushi, a gidan mai wanki! Kakin maza sun tsaya ƙyam a hannun matar nan, amma hular 'yarta guda ɗaya ta gagare ta.

Rogon da ta goga jiya don sitaci ya ƙare, saura ɗan farin da ya kwanta a gindin tasa, bai fi tafin hannu ba. Ta kankare shi tana addu'a, ta dama, ya yi kauri. Ta ɗauki moɗa ta nufi tukunyar da ke zaure.

"Ke! Uwar Martina! Me za ki yi da wannan?"

Ya Gumsu ce, tsohuwar Babarbariya daga Fagge mai sayar da kunun zaƙi a kasuwa. Gidan Biriskila na kusa da rumfarta, shi ya sa a zauren take ajiye tukwanenta.

"Ruwa na ɗan ɗiba, Ya Gumsu. Mai ga-ruwa bai zo ba tun safe. Ki yi haƙuri ban tambaya ba."

Ya Gumsu ta fizge moɗar. Ta leƙa ɓataccen sitacin da ke gefe, ta tsoma yatsa, ta lasa, sai ta tuntsire da dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Lasa ki ji."

Biriskila ta lasa. Zaƙi ta ji.

"Baiwar Allah, ai kunu kike ta damawa tun safe! Wannan ba ruwa ba ne, ruwan tsirona ne. Geron da na jiƙa ya tsira, na niƙa, na tace, na bari ya kwanta. Da shi nake tsinka gasara mai kauri ta yi zaƙi. Ko tuwo kika zuba wa, sai ya narke."

Martina ta miƙe zumbur. "Mama, an koya mana wannan! Sitaci sukari ne da ganye ya haɗa da hasken rana. Shuka ta jera shi kamar duwatsu a zaren jigida, ta ɓoye a ƙwaya ko a saiwa. In ƙwayar za ta tsira, sai ta fitar da abin da ke tsinka zaren don tsiron ya samu na ci."

"Kin sani, kika zauna kina kallona kamar gunki?"

"Ai ban san ruwan tsiro kike ɗiba ba."

"Ku bar surutu, rana na tafiya," in ji Ya Gumsu. Ta sunkuci tulu, da tsufanta da ciwon gwiwarta, ta ɗingisa har famfon bakin titi, ta yi faɗa da matan da ke layi, ta dawo da ruwa. Ita da kanta ta cuɗe moɗar da toka sau uku.

Wannan karon sitacin ya tsaya. Aka tsoma, aka shanya a rana, Biriskila ta goge. Hular ta miƙe, ka ce da kwano aka yi ta. Ƙarfe ɗaya da rabi Martina ta fita, wuya a sandare, ko waiwaye ba ta iya yi.

Zama ya gagari Biriskila. Ta shiga kasuwa ta sayo rogo kwando guda, tana cewa a ranta, in an ɗauki yarinyar nan, hula da riga kowane mako, ba za a sake kama ta ba shiri ba. Ta dawo ta zauna tana fere shi, ɓawo na taruwa a gabanta.

Da la'asar sakaliya Martina ta faɗo gidan da gudu.

"Mama, an ɗauke ni! Sista har taɓa hular ta yi, ta tambayi wanda ya goge!"

Biriskila ta saki guɗa, hawaye na zuba, daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta nuna kwandon da wuƙa. "Kin gani? Na wata biyu ne. Duk Asabar ki kawo mini kayan."



"Jibi za mu koma ɗakin kwanan ɗalibai, Mama. Shekara uku. Akwai masu wanki a can. Sista ta ce ba a kai kaya gida."

Biriskila ta dubi rogon da ke hannunta, rabi a fere.

"To," in ji ta. "Cire hular nan kada ki ɓata ta da zufa."

Ta sunkuyar da kai, ta ƙarasa fere shi.